Ɗan bakin Kwara a ajin nutso da tukunyar iska

A Yawuri, ko a wasan kabanci na Argungu, gwanin nutso da abu ɗaya ake gane shi: ya cika ƙirji da iska, ya ɓace, ya daɗe bai ɓullo ba. To, a kwas ɗin nutso da tukunyar iska da na yi a Hurgada, bakin Bahar Maliya, lokacin ina karatu a Masar, dokar farko ita ce kada ka taɓa riƙe numfashi.

Dalilin kuwa lissafi ne. A zurfin mita 10 matsin da ke kan jikinka ya ninka na sama sau biyu. Iskar da ka shaƙa daga tukunya a can, in ka riƙe ta ka taso, za ta kumbura ta ninka girmanta, huhu ya yage. Basarke bai san wannan haɗarin ba, domin a sama yake shaƙar tasa iskar kafin ya nutsa. Shi ya sa wanda ya iya ruwa tun yana yaro ya fi kowa buƙatar malamin da ba zai ga gwanintarsa ya sakar masa fuska ba.

Da farko mutane kan damu da sunan ƙungiyar da za ta ba da katin shaidar kammala kwas: PADI, wadda aka kafa a Amurka a 1966, ko SSI, ko CMAS. A matakin farko kusan abu ɗaya suke koyarwa. A tsarin PADI sai ka yi iyo na mita 200 ba tsayawa, ka zauna minti 10 a saman ruwa, ka yi darasi 5 a ruwa mai kwanciya kamar wurin wanka, sannan nutso 4 a teku ko tafki. Katin ya ba ka izinin mita 18, tare da abokin nutso. Akwai wani na gwajin yini ɗaya da ake tallata wa 'yan yawon buɗe ido da araha. Wannan ɗanɗano ne, ba kati a cikinsa.

Bambancin yana wajen malami. Namu sai ya durƙusa gabanka a ƙasan ruwa, hannunsa riƙe da rigarka, ya ce ka cire tabarau ɗin nutso, mai rufe ido da hanci, gaba ɗaya. Ruwan gishiri ya taɓa hanci, zuciya ta ce maka tashi ka gudu sama. Ka mayar da tabarau, ka danne samansa da yatsu, ka ɗaga kai, ka fitar da iska ta hanci har ruwan ya fita. Idonka yake kallo, in ya ga tsoro sai a sake. Na ga wani jirgin da malami ɗaya ke jan ɗalibai rututu, kowa ya yi sau ɗaya a wuce. Kafin ka biya ko sisi, tambayi ɗalibai nawa ne a hannun malami ɗaya, kuma ko kuɗin ya haɗa da hayar kaya, littafi, jirgi da katin kansa. Sau da yawa arahar nan ba ta ado.

Takardar lafiya ma ba ta wasa ba ce. Mai asma, ciwon zuciya, ciwon kunne ko sikila, ya ga likita tukuna. Makarantar da ta ce ka rubuta "a'a" a ko'ina don a yi sauri, ka kama gabanka.

Da na dawo gida, kawuna, wanda haɗarin jirgin ruwan Warra na watan Mayun 2021 bai bar ransa ba, ya ce, "To ɗana, yanzu kai za ka riƙa ciro mana mutane ke nan?"

Na ce, "Kawu, Allah ya ja kwana, katina bai kai nan ba."

A ruwa garai na koya, inda kana ganin abokinka daga nesa. Kwara da damina ko tafin hannunka ba ka gani, ga ƙarfin ruwa, ga tsofaffin taru da kututturan da tafkin Kainji ya haɗiye. Neman mutum a irin wannan ruwa horo ne daban, da igiya da mai riƙe ta a sama, kuma sai an wuce kwas na gaba da na ceto kafin a fara maganarsa.