Abin da gam ya koya mini kafin na ajiye aiki

Na bar kamfanin da ke buga littattafan rubutu da ambulan a Kano a watan jiya, kuma har yau batun gam ɗin nan bai bar raina ba. Duk wanda ya yi aiki a wurin ya san farin gam da ake kawowa a manyan durom, an rubuta PVA a jiki. Na gaskiyarsa polyvinyl acetate ne da aka warwatsa cikin ruwa, wani sinadari mai kama da roba da Fritz Klatte ya fara haɗawa a Jamus a 1912. Yana da ɗan warin tsami, idan ya bushe kuma yana barin fata mai laushi wadda ba ta karyewa in an lanƙwasa.

Da damina ta kama, sai bangon littattafai ya riƙa ɓaɓɓakewa, ambulan a sito suna yin fumfuna. Aka ɗora laifin kan yaran da ke kan inji, aka yanke wa uku albashi. Ni kuwa na ɗebi gam ɗin na ɗiga masa aidin, nan take ya koma shuɗi mai duhu har kusan baƙi. Sitaci ke nan. Na busar da wani a tanda a zafin digiri 105 na auna, abin da ya rage bai kai wanda aka rubuta a takardar kaya ba. Da na zuba masa asid kuma ya yi kumfa, wato har da alli aka ƙara don nauyi. Sitaci abincin fumfuna ne, kuma yana shan laima ya saki, don haka babu wani abin mamaki a sito.

Na kai rahoto wurin manajan sashe. Bai ma karanta ba. Ya ce, "Malam, gwajin 'yan sakandare za ka kawo mini?" Wai polyvinyl alcohol, wani sinadari daban da ake sawa cikin gam na gaskiya, shi ma yana canza launi da aidin. Gaskiya ne, musamman in akwai boras (wani farin gishirin sinadari) a ciki, kuma na yarda ya san sana'arsa. Sai na ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni zuwa gobe." Na dafa gam ɗin da asid, na kashe tsamin, na sa ruwan Benedict da ake gwada sukari da shi, ya juya ja kamar jan bulo. Sukari ya fito daga sitacin, kuma PVA ba ya ba da sukari ko da za a kwana ana dafa shi. Manajan ya karɓi takardar sakamakon ya tura cikin aljihun tebur. Daga baya na ji a bakin direbobi cewa mai kawo gam ɗin surukinsa ne.

Da wata makaranta ta dawo da kayanta gaba ɗaya, aka kira taro. Ina zaune manajan ya tashi ya karanta sakamakona a gaban Alhaji mai kamfanin, kalma da kalma, yana cewa "binciken da na gudanar". Aka yaba masa. Yaran inji kuwa ba a mayar musu da ko kwabo ba.

Ga wanda zai gaje kujerata: kada ka sa hannu a kan durom sai ka ɗiba daga ƙasa, domin alli kwanciya yake yi. Gam ɗin kwali dama da sitaci da soda da boras ake haɗa shi, wannan ba algus ba ne, kada ka tayar da hankali. Ƙaro na lanƙayar bakin ambulan yana narkewa da ruwa, haka aka so shi. Ka riƙa duba tsamin gam, don mai tsami yana sa takarda ta yi rawaya in ta daɗe. Rahoto kuma ka yi kwafi biyu, ka sa kwanan wata, ka sa magatakarda ya buga hatimi a naka kafin ka miƙa wa oga nasa.