Na je Damagaram neman maƙerin Tanimun

Jama'a na dawo daga Damagaram, har yanzu ƙurar hanya ba ta gama fita daga jakata ba amma bari in rubuta tun abin na da zafi. Masu bibiyata sun san littafin da nake fama da shi, labarin wani yaro ɗan maƙera da ya taso a zamanin Sarki Tanimun, wanda ya ƙarfafa ganuwar Birni, wato tsohon garin Damagaram, ya sa ake ƙera igwa da albarushi a gida, yaron ya girma har ya ga shigowar Faransawa a 1899. Shekaru da sunaye duk ina da su a takarda, abin da babu shi ne garin kansa.

Daga Kano zuwa Daura zuwa Kwangwalam ba wani labari. Bayan mun tsallaka ne a wani shinge wani mai kaki ya karɓi katina ya juya shi gaba da baya, ya ce me zan je yi, na ce bincike zan yi na rubuta littafi, wallahi sai ya ɓata rai kamar na ce makami na ɗauko, ya koma yi min Faransanci alhali yanzun nan na ji shi yana zuba Hausa da direba. Ya shanya ni a rana sai da ya ga dama. Direban ya ce Malam gobe ka ce ziyara ka zo, shi ke nan.

Kuɗi kuwa kar ma a yi magana. Na canji naira cike da aljihu aka miƙo min 'yan takardun sefa da ba su cika tafin hannu ba, ga lissafinsu na dala da jaka, ɗan kabu-kabu ya faɗi kuɗi sai na tsaya ina ninkawa da biyar a kai shi kuma yana dariya. Amma fa ba sa ihu a ciniki irin namu na Kwari, mutum zai faɗi farashi ya yi shiru ya bar ka da Allah. Kilishinsu ya fi namu, wannan ko a gaban waye zan faɗa.

Wani dattijo a Birni, abokin kawuna tun zamanin fatauci, shi ya sauke ni, na ce zan kama ɗaki a otal ya ce ɗana kar in sake jin wannan maganar. Da ya ji daga Kano nake kuma labarin Kuran Daga, Sarkin Damagaram da ya yaƙi Kano, nake tambaya sai ya gyara zama, ya ce to kai da kakanninka suka sha gudu a Gezawa me za ka rubuta? Na ce Baba ai dai bai ci Kano ba, Sarkin Kano Alu na nan daram Kuran Daga ya juya. Muka kwashe har shayi na uku muna wannan musu, kuma daga nan na samu muryar wani tsoho a littafin, yadda yake jan magana ya tsaya a tsakiya ya kurɓa ya bar ka a rataye.

Da safe ya haɗa ni da jikansa muka shiga lungunan Birni a ƙafa. Duwatsu ne manya-manya a tsakiyar unguwa, gidaje sun jingina da su, lungu ya matse har sai mutum ya karkace idan jaki ya taho da kaya, ga zane a fuskar gidajen ƙasa. A ƙofar fada dogarai da jajayen kaya, suka amsa gaisuwa da mutunci ba wanda ya miƙo hannu. Daga nan muka taka har Zango, unguwar fatake inda attajiri Malam Yaro ya zauna, kuma wannan 'yar tazarar ita ce ribar tafiyar, don duk maganar kashe Bafaranshen soja Kyaftin Kazamaju a 1898, da tsoron da fada ke yi kar ya haɗa kai da Rabe, wanda ke riƙe da Borno a lokacin, a tsakanin waɗannan unguwanni biyu tsegumi ya riƙa kai da kawowa. Yaron littafina ɗan aike ne, yanzu na san inda zai bi, inda zai laɓe, da inda numfashinsa zai ƙare.

Na zauna a wata maƙera har azahar ban yi tambaya ko ɗaya ba, ina kallon yaro na buga zugazugi da hannu bibbiyu, gawayi na tartsatsi, maigidan na tsoma ƙarfe a ruwa ba ya ko kallo. Da zan tafi ya sayar min da 'yar wuƙa, tsada kam ta yi tsada amma ban taya ba.

Tirmini inda aka gwabza da Faransawa a 1899 a bakin hanya take, na sauka na duba, fili ne da gonakin gero. Mirya na leƙa a gurguje. Dawowa mota ta lalace kusa da Matamaye, ba mu shigo Kano ba sai bayan isha'i, washegari na buɗe babi na huɗu na fara sa duwatsu.