Makarantu biyu a ƙaramar hukuma ɗaya

Da lokacin shigar 'yata ƙaramar sakandare ya gabato, sai na ziyarci makarantun gwamnati biyu da ke ƙaramar hukumarmu, ɗaya a cikin gari kusa da sakatariya, ɗayar kuma a wani ƙauye da ke bayan gidanmu. A takarda babu abin da ya raba su, domin dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta wa kowane yaro karatun shekara 9 kyauta, shida a firamare da uku a ƙaramar sakandare, kuma manhaja ɗaya ake koyarwa, jarrabawar BECE ɗaya ake zanawa a ƙarshen aji uku.

Maƙwabta duk sun ba ni shawarar ta cikin gari, hujjarsu kuwa ita ce sakamakon jarrabawa. Ban musa musu ba, sai dai sakamako ba ya ƙirga yaran da suka shiga aji ɗaya amma talla ko aure ko aikin gona ya ɗauke su kafin aji uku, kuma makarantar da raunanan ɗalibanta suka zube a hanya dole sakamakonta ya yi kyau a ido. Saboda haka na roƙi shugabannin biyu su nuna mini rajistar shiga ta shekara uku baya, na gwada ta da jerin waɗanda suka zana jarrabawar. Da na yi haka, tazarar da ake zuzutawa ta ragu ƙwarai.

Inda bambancin yake na gaske shi ne malamai. Kowa yana neman a turo shi gari, har ofishin malamai ya cika, alhali a ƙauye mutum ɗaya ne ke fama da lissafi da kimiyya a dukkan azuzuwa. Game da gine-gine kuwa, hukumar ilimin bai-ɗaya ta ƙasa, wato UBEC, tana samun kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, kuma jiha ba ta taɓa kasonta na gine-gine sai ta ajiye kwatankwacinsa, amma a ganina inda sabon aji zai faɗa cikin ƙaramar hukuma yakan bi wanda yake da uwa a gindin murhu.

Ta ƙauyen tana da kwamitin iyaye mai himma, wanda ya gyara kujeru da gudummawarsa. Duk da haka na kai yarinyar gari, saboda malaman lissafi da kuma banɗakin mata mai ƙofa da ruwa.