Daga ranar gasa nake fara ƙirga makonni

Shekarar da aka fara damƙa mini yara huɗu in shirya su gasar ɗaga ƙarfe, na ɗauka aikina shi ne in yi ta ƙara musu nauyi har ranar tafiya. A wani ɗakin atisaye muke a Sabon Garin Zariya, rufin kwano, fanka ɗaya. Wanda ya fi ƙarfi a cikinsu, ɗan Tudun Wada, ya ɗaga kilo 120 a sinach, wato fizgar ƙarfe daga ƙasa zuwa saman kai a tashi ɗaya, ana saura kwana tara gasa. Murna ta sa bayan kwana biyu na ce ya sake, ya kuwa sake.

Da muka je Kaduna sai na rubuta masa 118 a matsayin ɗagawar farko. Sau uku yana shiga ƙarƙashin ƙarfen, sau uku yana zubar da shi ta gaba. Dama uku ake bayarwa a sinach, uku a kilin-an-jak, wato ɗaga ƙarfe zuwa kafaɗa sannan a tura shi saman kai, a haɗa mafi nauyi na kowanne ya zama jimilla. Wanda ya rasa ukun farko ba shi da jimilla. Yaron ya zauna a bayan dandamali, farin alli har gwiwar hannu, ya ce, "Koci, wallahi ƙafafuna ba nawa ba ne." Har yau maganar tana ci mini rai, don ni na ƙarar masa da ƙarfinsa a Zariya.

Tun daga nan nake buɗe littafina in rubuta ranar gasa tukuna, sannan in ƙirgo mako 12 baya. Makonni huɗun farko na tara ƙarfi ne: sikwat, wato tsugunawa da miƙewa da ƙarfe a kafaɗa, da jawo ƙarfe daga ƙasa da yawa, nauyi kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari na iyakar abin da mutum ke ɗagawa. Huɗu na tsakiya mu rage yawan maimaici mu ƙara nauyi. Na ƙarshe su ne masu wuya, ga kocin ma fiye da yaran, domin a nan ake janye hannu. Ɗagawa mai nauyin gaske ta ƙarshe ina sa ta kwana goma zuwa sha huɗu kafin gasa. Makon ƙarshe kuwa ƙarfe marar nauyi, barci da abinci. Yara kan yi ƙorafi wai jikinsu na ƙaiƙayi, suna son su gwada. Na kan ce su riƙe ƙaiƙayin nan, shi za mu kai dandamali.

Ɗagawar farko yanzu sai nauyin da yaro ya saba ɗagawa ko da ya tashi da gajiya. Ko Ruth Ogbeifo da ta ciyo wa Najeriya azurfa a gasar Olamfik ta Sidni a 2000, damar nan shida aka ba ta, ba a ƙara mata ko ɗaya ba.

Agogo ma na shigo da shi atisaye. A gasa minti ɗaya ne bayan an kira sunanka, minti biyu idan kai ne za ka sake ɗagawa a jere, kuma awa biyu kafin farawa ake hawa sikeli, don kowa da rukunin nauyinsa. Saboda haka nauyin jiki tun mako na shida muke bibiyarsa, ba na yarda yaro ya kwana yana tofar da yawu don ya rage kilo biyu.

Sai abin da tsarin Turawa bai san da shi ba. In gasa ta faɗo bayan bazara, zafin Maris da Afrilu a ƙarƙashin kwano kan sa mu koma atisayen bayan sallar asuba. In azumi ya ratsa tsakiya, bayan tarawihi muke haɗuwa, in rage yawan aikin in bar nauyin yadda yake.

Yaron Tudun Wada ya koma gasa bayan wata takwas. Na buɗe masa da 110, alƙalai uku suka ba shi farar fitila, alamar ɗagawar ta karɓu, ya sauko yana tambayata nawa za mu ƙara.