Tafawa Ɓalewa, tsoron gurguzu da batun sojojin waje

Filin jirgin saman Kano, wanda a yau muke danganta shi da tashin alhazai da zirga-zirgar 'yan kasuwa, ya taɓa zama a tsakiyar wata zazzafar muhawara game da 'yancin ƙasar nan. Tun lokacin Yaƙin Duniya na Biyu Turawan Ingila suka gane amfaninsa, domin a nan jiragensu da suka taso daga gaɓar teku suke yada zango kafin su wuce Khartum da Alƙahira. Saboda haka, da aka zo tattaunawar miƙa mulki a Landan a 1958, suka gabatar wa shugabannin Nijeriya da daftarin yarjejeniyar tsaro, kuma a cikin abin da suka nema har da fili a Kano domin hidimar jiragen sojansu. Daga baya an cire batun ba da filin, amma an bar musu damar ratsa sararin samaniyarmu da sauka a filayen jiragenmu, su kuma suka yi alkawarin horar da sojojinmu. Majalisar Wakilai ta amince da yarjejeniyar a watan Nuwamba na 1960, ƙasar ba ta cika wata biyu da samun mulkin kai ba.

Wanda ya ɗauki nauyin kare wannan yarjejeniya shi ne Firayim Minista Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, kuma ba za a fahimci dalilinsa ba sai an fahimci irin ƙyamar da yake yi wa aƙidar gurguzu. Mutum ne mai addini, malamin makaranta mai son tsari da bin doka, kuma yana kallon kwaminisanci a matsayin aƙidar da ta musanta Allah, wadda take tunzura talaka ya yi wa na gaba da shi tawaye. A zamaninsa an sa takunkumi a kan shigo da littattafan 'yan gurguzu, ana kuma sa ido a kan masu neman zuwa karatu a Mosko da sauran ƙasashen Gabashin Turai. Uwargida Funmilayo Ransome-Kuti, jagorar matan Abeokuta, an ƙi sabunta mata fasfo bayan ziyarar da ta kai ƙasar Sin a 1956, bisa zargin tana da alaƙa da 'yan gurguzu. Ko da aka ƙulla hulɗar jakadanci da Tarayyar Sobiyet, an yi ta ne da ɗari-ɗari, alhali a watan Yuli na 1961 Firayim Ministan yana Washinton, Shugaba Kennedy na karɓarsa hannu bibbiyu.

Mu a Kano wannan tsoro ba baƙo ba ne, domin a cikin gida aka fara amfani da shi. Jam'iyyar NEPU da aka kafa a wannan birni ranar 8 ga Agusta, 1950, ta fito fili ta ce akwai gwagwarmaya tsakanin talakawa da masu riƙe da mulkin En'e, kuma wannan furuci kaɗai ya isa a liƙa mata tambarin gurguzu. Dattawan da suka ga zamanin suna ba da labarin yadda ake gurfanar da ɗan NEPU a gaban alƙali a kan laifin yin taro ba izini ko zagin sarki, a yi masa bulala ko a ɗaure shi, a unguwa kuma a riƙa nuna shi da baki ana cewa ya bar hanya. Abin mamaki shi ne Ɓalewa ya san Malam Aminu Kano ciki da bai, domin tare suka koyar a makarantar Midil ta Bauchi, ya kuma san cewa mutumin ɗan gidan malamai ne wanda ya fi kafa hujja da karantarwar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo fiye da ta kowane Bature. Sai dai a siyasar wancan lokaci zargin gurguzu makami ne mai araha, kuma 'yan NPC, jam'iyyar Ɓalewa, ba su yi rowar amfani da shi ba.

Adalci ne a faɗa cewa Ɓalewa ba ɗan amshin shatan Turawa ba ne kamar yadda wasu matasa suke bayyana shi a yanzu. A watan Janairu na 1961 gwamnatinsa ta yanke hulɗa da Faransa, ta kori jakadanta, saboda gwajin makamin nukiliya da ta yi ta maimaitawa a hamadar Aljeriya, kuma a wannan shekarar yana cikin waɗanda suka matsa lamba har Afirka ta Kudu ta fice daga ƙungiyar ƙasashe renon Ingila. Game da yarjejeniyar tsaron kuwa, ɗaliban Kwalejin Jami'a ta Ibadan sun yi tattaki zuwa Legas suka kutsa harabar majalisa, jam'iyyar Cif Awolowo ta yi ta sukar lamarin duk da cewa shugabanta yana wurin da aka tattauna daftarin farko, kuma a watan Janairu na 1962 aka soke ta. Shugaban da ya saurari koken jama'a ya janye bai cancanci a kira shi bawan kowa ba.

Inda nake ganin tsoron gurguzu ya rufe masa ido shi ne ƙasar Kwango. Nijeriya ta tura sojoji da 'yan sanda cikin rundunar Majalisar Ɗinkin Duniya tun a 1960, kuma wani hafsanmu, Aguiyi-Ironsi, shi ya jagoranci rundunar baki ɗaya a ƙarshen aikinta a 1964. Amma gwamnatin Legas ba ta taɓa sakin jiki da Firayim Ministan Kwango, Patrice Lumumba, ba, musamman bayan ya nemi taimakon Mosko, kuma da aka kashe shi a watan Janairu na 1961, fushin da aka gani a titunan Legas ya zarce wanda aka ji daga bakin hukuma nesa ba kusa ba. A watan Nuwamba na 1964, sojojin lema na Beljiyam suka dira birnin Stanleyville daga jiragen Amurka da sunan ceto Turawan da 'yan tawaye suka yi garkuwa da su. Ƙasashen Afirka da dama suka kai ƙara Kwamitin Sulhu, suna cewa wannan mamaya ce aka sa mata rigar jinƙai, amma Ministan Harkokin Wajenmu, Jaja Wachuku, ya tashi ya kare gwamnatin Moise Tshombe, firayim ministan Kwango na lokacin, da cewa halattacciya ce, tana da ikon gayyatar wanda ta ga dama. A takarda hujjar tana da ƙarfi. Matsalar ita ce Tshombe shi ne mutumin da ya ɓalle da lardin Katanga da goyon bayan Beljiyam, a hannun mutanensa kuma aka kashe Lumumba, wanda shi ma halattaccen firayim minista ne lokacin da ya nemi nasa taimakon. Ikon gayyatar da aka amince wa ɗaya, an ga laifin ɗayan da ya yi amfani da shi, kuma bambancin kawai shi ne ƙofar da kowannensu ya ƙwanƙwasa.

Ɓalewa bai rayu ya ga yadda al'amura suka juya ba, domin an kashe shi a juyin mulkin Janairun 1966. Da Yaƙin Basasa ya ɓarke a 1967, Ingila ta ƙi sayar wa gwamnatin Gowon jiragen yaƙi, Amurka ta ce ba ruwanta, sai Tarayyar Sobiyet ta kawo jiragen MiG, kuma a filin jirgin Kano aka sauke su a watan Agusta na wannan shekarar. Babu wanda ya koma ɗan gurguzu saboda haka. Bayan shekara takwas, Janar Murtala Muhammad, ɗan wannan birni wanda shi ma ya yi aikin soja a Kwango, ya amince da gwamnatin MPLA, jam'iyyar da Rasha da Kyuba suke mara wa baya, a Angola cikin Nuwamba na 1975, bayan ta tabbata cewa sojojin wariyar launin fata na Afirka ta Kudu sun kutsa ƙasar. Shugaba Ford na Amurka ya aiko da wasiƙa yana jan kunnen shugabannin Afirka game da Rasha da Kyuba, gwamnatin Murtala ta fallasa wasiƙar ta kuma mayar da martani mai zafi, sannan Murtala ya yi shahararren jawabinsa a Addis Ababa ranar 11 ga Janairu, 1976. Ina tare da Murtala a wannan matsayi, domin babu yadda za a daidaita mai mamaya da wanda aka kira don a kore shi. Duk da haka, dubban sojojin Kyuba da suka zauna a Angola har zuwa 1991 su ma sojojin waje ne, kuma yaƙin da ya ci ƙasar bai ƙare ba sai a 2002.

Wannan tsohuwar gardama ta dawo mana a 2023, lokacin da sojoji suka kifar da Shugaba Bazoum a Nijar, ƙungiyar ECOWAS ta yi barazanar amfani da ƙarfi. A Kantin Kwari da kasuwar hatsi ta Dawanau, inda rufe iyaka ya tsayar da ciniki da mutanen Maraɗi da Damagaram, kusan bakin kowa ɗaya ne, wato ba za a yaƙi 'yan uwa don a faranta wa Faransa rai ba. Bayan shekara guda kuma, a zanga-zangar tsadar rayuwa ta watan Agusta na 2024, sai ga yara suna yawo da tutar Rasha a titunan Kano, har aka kama masu ɗinka ta. Rashar yau ba ta gurguzu ba ce, kuma da yawa daga cikin yaran ba za su iya nuna ta a taswira ba, amma lissafin nasu bai bambanta da wanda aka yi a kan Kwango ba: sojan waje abin ƙi ne idan na wancan ɓangaren ne, abin maraba ne idan na wannan ne. Sojojin Faransa da na Amurka sun bar Nijar, masu horarwa daga Rasha sun iso Yamai a 2024, hare-hare kuwa ba su tsaya ba a yankin Tillaberi.

Abin da ya taka wa shirin yaƙin burki daga ɓangarenmu shi ne matsin lambar malamai da sarakuna da suka yi ta kai kawo tsakanin Abuja da Yamai, da kuma Majalisar Dattawa, wadda a farkon watan Agusta na 2023 ta shawarci Shugaba Tinubu da ya bi hanyar sulhu maimakon tura dakaru. Sanatocin Arewa ne suka fi ɗaga murya a kan haka, domin jihohi bakwai na yankin suna da iyaka da Nijar, kuma tsarin mulkin 1999 ya hana shugaban ƙasa tura soja fagen fama a waje ba tare da amincewar Majalisar Dattawa ba, sai a yanayin da tsaron ƙasa yake fuskantar barazana ta gaggawa.