Godiya ga waɗanda suka ba mu aron bakinsu

Assalamu alaikum. Alhamdulillahi, wasan kwaikwayon da muka yi ranar Asabar a cikin garin Katsina ya tashi lafiya. A madadin 'yan ƙungiya, ga saƙon godiyarmu.

Ta farko ta iyayenmu ce da 'yan bindiga suka raba da gidajensu a yankunan Batsari, Jibiya da Safana, yanzu suna raɓe a kangaye da gidajen dangi cikin gari. Su ne marubutan wasan nan. Namu kawai zama ne a bakin tabarma, waya na naɗar magana da izininsu, daga baya muka kwafe a takarda ba ƙari ba ragi. Sunayen mutane da na ƙauyuka ne kaɗai muka sauya. Inda Inna ta tsaya ta ja numfashi, nan 'yar wasanmu ta tsaya. Wata baiwar Allah ta ja mana kunne kada a yi kuka a wurinta, domin ita ba ta yi ba. Awakinta take lissafawa, kowace da launinta, har da jar da ta kusa haihuwa. Haka muka bar shi, kuma a ganina duk wasan babu inda ya kai wurin nan nauyi.

Baba, wanda ya ba mu labarin 2021, lokacin da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina aka kuma rufe kasuwannin dabbobi, Allah ya ƙara girma. Yawancinmu a labarai muka ji abin. Daga bakinka muka san yadda mutum ke yin tafiyar yini don kawai ya sanar da ɗansa rasuwa.

Muna godiya ga mai unguwa da malamanmu. Da farko sun ɗauka waƙa da rawa za a yi, ba kuma za mu ga laifinsu ba. Da suka karanta takardun, su da kansu suka nemo mana fili da kujeru. Haka lauyar da ta tsaya bayan wasa tana amsa tambayoyi kan gadon marayu har aka kira magariba, da malaman firamaren da suka rubuta sunayen yaran da karatunsu ya tsaya. Wannan takarda tana hannunmu, kuma za mu bi ta ofis-ofis.

Sai wasan sauraro. A ɗaki muka naɗe shi, an jingina katifu a bango saboda ƙarar janareto, shi ya sa za ku ji zakaran maƙwabta ya sa baki a kashi na biyu. Masu cajin waya da ke tura shi a memori kyauta, Allah ya yi wa sana'arku albarka. Ta hannunku yake isa inda data ba ta isa.

Roƙonmu ga masu yaɗawa a WhatsApp da Facebook: kada a ɗora kiɗa, kada a yanko wuri ɗaya don cin zarafin wata ƙabila, kada kuma a haɗa da hoton kowa. Alkawarin da muka ɗaukar wa masu labarin ke nan, kuma duk wadda ta ce a cire nata, za a cire.

Mutanen Daura, saƙonku na neman a kawo muku wasan ya iso. Da zarar mun kammala neman izini za mu sanar da rana, in sha Allahu.