Abin da Fim Ya Cire Daga Jane Eyre, da Abin da Na Tarar a Ingila

Adabin Ingilishi nake karantawa a wata jami'a da ke Leeds, a arewacin Ingila. 'Yar Wusasa ce ni, can gefen Zariya, kuma a gidan Kirista na tashi, inda ake buɗe Littafi Mai Tsarki na Hausa kowace asuba kafin a ɗora tukunya. Da zan taho, mutane sun yi ta ja mini kunne a kan sanyi. Sanyin kuwa akwai shi. A watan Disamba rana kan faɗi kafin ƙarfe huɗu, mutum ya fito daga aji ya tarar duhu ya rufe gari. Amma sanyi abu ne da riga mai kauri ke magancewa. Doya da manja ma ana samu a kasuwar Kirkgate in aljihu ya yarda, don dokar biza ba ta bar ɗalibi ya yi aiki fiye da awa 20 a mako lokacin karatu ba.

Abin da ba wanda ya gaya mini shi ne yadda bangaskiya ta zama abin ɓoyewa a nan. A gida in ka ce za ka je sujada, ba wanda zai ɗaga kai. Maƙwabcinka Musulmi ma yana hanyar masallaci, ku gaisa ku wuce. A nan, in na ce wa abokan zamana ina tafiya majami'a ranar Lahadi, sai su ce "madalla" cikin ladabi, su sauya magana. Ba ƙiyayya ba ce, mutanen kirki ne. Sun dai ɗauki addini a matsayin sirrin mutum, wanda ba a kawowa gaban jama'a. Ƙidayar 2021 ta nuna cewa a karon farko waɗanda suka kira kansu Kirista a Ingila da Wales ba su kai rabin jama'a ba. Kana tafiya a titi za ka ga tsohon ginin majami'a an mai da shi gidajen haya.

Wannan ne ya sa darasinmu kan Jane Eyre ya tsaya mini a rai. Charlotte Brontë ta buga littafin a 1847 da sunan aro, Currer Bell. Labarin marainiya ne da ta sha wuya, ta zama malamar gida, ta ƙaunaci maigidan, Rochester. Ranar ɗaurin aure asiri ya tonu cewa yana da mata, Bertha, wadda ta samu taɓin hankali ya kulle ta a saman bene. Ya roƙi Jane ta bi shi kudancin Faransa su zauna tare, tun da ba ta da dangin da za su ji kunya. Ta ƙi, ta fice da asuba da 'yan kuɗi kaɗan.

A aji an haɗa mana littafin da fim ɗin 2011, wanda Cary Fukunaga ya shirya, Mia Wasikowska ta fito a matsayin Jane. Fim ne mai kyau, ba zan hana shi yabonsa ba. Hasken kyandir, iska a kan tsaunuka, fuskar yarinyar da ke haɗiye magana, duk sun kama ni. Sai dai da muka zo tattaunawa, kusan kowa ya ce Jane ta tafi ne don kare martabar kanta. Gaskiya ne, kuma fim ɗin a nan ya jingina nauyinsa. Amma a littafin, a daidai wurin da ta yi maganar martabarta, ta ce za ta riƙe dokar da Allah ya bayar, kuma ba don lokacin kwanciyar hankali aka yi doka ba, don lokacin jarraba aka yi ta. Zuciyarta na son ta zauna. Hankalinta ma ya goyi bayan Rochester. Tsoron Allah ne ya ɗaga ƙafarta. In aka rage wannan, sai ta zama yarinya mai taurin kai kawai, alhali mace ce da ta zaɓi yunwa a kan zunubi.

Na faɗi haka a aji, murya na rawa. Malamarmu ta saurara, ta ce mu buɗe babin mu karanta tare, kuma na gode mata. Wata ɗaliba ta ce ai littafin sukar addini yake yi, ta kawo misalin Brocklehurst, shugaban makarantar Lowood, wanda ke horar da marayu da yunwa da sunan tawali'u alhali 'ya'yansa na yawo cikin siliki. Ko a 1848 an samu mai sharhi, Elizabeth Rigby, da ta zargi littafin da saɓa wa Kiristanci. Ni kuwa ban ga haka ba. Duk wanda ya girma a majami'a ya san Brocklehurst, mun gan shi a kan bagade. Wadda ta fallasa munafunci irin nasa ba maƙiyiyar bangaskiya ba ce, kishinta take yi. A makarantar nan ta Lowood ne kuma Brontë ta ajiye Helen Burns, yarinyar da tarin fuka ke ci, tana koya wa Jane gafara da begen tashin matattu.

Da na je Haworth, ƙauyen da Charlotte Brontë ta girma, na ƙara fahimta. Daga Leeds jirgin ƙasa ake shiga zuwa Keighley, sannan bas. Gidansu na limamin majami'a ne, mahaifinta Patrick Brontë ya zo da iyalinsa a 1820 ya yi hidima har rasuwarsa a 1861. Tagogin gaba kaburbura suke kallo. 'Ya'yansa shida duk sun riga shi mutuwa, manyan biyu, Maria da Elizabeth, a 1825, bayan sun kamu da ciwo a makarantar kwana. Mai irin wannan tarihi ba ta saka maganar mutuwa da sama a bakin Helen don ado ba.

Inda na fi shan bamban da 'yan ajinmu shi ne St John Rivers, limamin da ya nemi Jane ta aure shi su tafi aikin bishara a Indiya. Su ɗan mulkin mallaka suke gani, mai sanyin zuciya. Sanyin zuciyar na yarda da shi, kuma Jane ta yi daidai da ta ƙi auren da babu ƙauna a cikinsa. Amma ni daga Wusasa na fito. Dokta Walter Miller na mishan ɗin CMS, ƙungiyar 'yan bishara ta Angilikan, ya zauna a Zariya tun 1905, ya yi wahalar fassarar Littafi Mai Tsarki na Hausa da ya fito a 1932. Irin waɗannan mutane suna da girman kai da kurakurai, suna kuma da sadaukarwar da ba a yi da ƙarya. Brontë ta riƙe duka biyun. Shi ya sa littafin bai ƙare da auren Jane ba, ya ƙare da wasiƙar St John yana jiran mutuwa, da addu'ar da ke ƙarshen Ru'ya ta Yohanna. Fim ɗin ya rufe a kan masoya biyu sun sake haɗuwa. Tuban Rochester, wanda ya ce da bakinsa ya fara addu'a bayan ya makance, bai samu wuri ba.

Na san fim na awa biyu ba zai ɗauke littafi duka ba, dole a yanke. Damuwata ita ce gefen da wuƙar ke yawan faɗawa.

Yanzu ina sujada a wata ƙaramar majami'ar Angilikan, yawancinsu tsofaffi, sai mu 'yan Afirka da muka ƙaru. Akwai wata dattijuwa da ta dage in kira ta da sunanta. Bakina ya ƙi, Mama nake ce mata, ta kuma saba. Ta karanta Jane Eyre tun tana 'yar makaranta, ita ce ta ce in rubuta aikina na ƙarshen shekara a kan wannan batu. Malamata ta amince. Zan ɗauki babin rabuwar Jane da Rochester in gwada shi da fim ɗin 2011 da kuma shirin BBC na 2006 mai kashi huɗu, layi bayan layi.